Man da Ya Kawo Jiragen Farko Kano

Ranar Lahadi, 1 ga Nuwamba 1925, jirage uku suka ɓullo wa birnin Kano ta gabas, suka sauka a filin sukuwa. Kaka ce. A gonakin gabashin Kano, tun daga ƙasar Gaya har zuwa tamu ta Zakirai, ana kan cirar gyaɗa, dawa kuma ta nuna tana jiran yanka. Sarkin Kano Usman ne a kan gado, shekara 22 ke nan da Turawa suka ci birnin da yaƙi. Daga wannan rana ake ƙirga tarihin jirgin sama a Nijeriya.

Jiragen na sojan saman Ingila ne, na runduna ta 47. Daga Helwan suka taso, kudu da Alƙahira, ranar Talata 27 ga Oktoba, suka yi kwana shida a hanya. Madugun tafiyar, Arthur Coningham, ɗan shekara 30 ne. An haife shi a Brisbane ta Ostireliya, ya girma a New Zealand, ya yi Yaƙin Duniya na Farko a sararin Faransa. Matuƙan sauran jiragen biyu su ne Baggs da Rowley. Bayan kowane matuƙi akwai kujera guda, a kanta kuma makanike ne zaune.

Duk wanda ya tashi ba da wannan labari matuƙan yake sa wa gaba, kuma sun cancanci yabo. Amma in ka zauna ka auna nisan hanyar da abin da jirgin ke iya ɗauka, za ka ga nasarar ta rataya ne a kan wani akwatin ƙarfe marar kauri da ke bayan inji, da gwangwanayen da aka kai jeji tun jiragen ba su tashi ba, da hannun waɗancan makanikai uku da ba kasafai ake tunawa da su ba. Abin da salka take ga mai ratsa hamada, shi ne tankin mai ga jirgin sama. In ta fara ɗigo a inda babu rijiya, ƙarfin raƙumi da sanin hanya duk sun tashi a banza.

Sunan samfurin jirgin DH.9A. Ƙashin jikinsa katako ne da waya, an lulluɓe da yadi, an shafe yadin da wani fenti mai sa shi ya ɗaure tamau. Fuka-fukinsa hawa biyu ne, sama da ƙasa, tsawonsu daga wannan baki zuwa wancan mita 14. Injinsa Liberty ne ƙirar Amurka, silinda 12, ƙarfin doki 400. Babu rufi a kan matuƙi, rana da iska da ƙura duk nasa ne. A 1918 aka ƙera shi don jefa bama-bamai, bayan yaƙi kuma Ingila ta riƙa murƙushe masu tayar mata da ƙayar baya da shi a Iraƙi da kan iyakar Indiya. Shi kansa Coningham ya yi wannan aiki a Iraƙi kafin a kai shi Masar. Bai kamata sha'awar labarin ta mantar da mu wannan ba. Jiragen yaƙi ne, kuma mai mulkin mallaka ba ya kawo irinsu gaban talakawan da ya ci da yaƙi don su yi kallo kawai.

Hanyar da suka biyo kuwa kakanninmu sun san ta da tafin ƙafa. Daga Masar suka bi kogin Nilu zuwa Wadi Halfa da Hartum, sannan suka juya yamma: Al-Ubayyid, Fashir, Abashe, Fort Lamy wadda ita ce Njamena ta yau, Maiduguri, sai Kano. Juya ta ka fara daga Kano, ka samu hanyar alhazai, wadda mutum kan bar gida da saurayin jaki ya yi shekaru yana noma da ƙodago a zango-zango kafin ya ga Bahar Maliya. Ita mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka bi bayan yaƙin Burmi a 1903, har jikokinsu suke Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu yau. Abin da ke cin alhaji shekara da shekaru, jiragen nan suka cinye shi cikin mako guda.

To sai dai jaki yana kiwo a hanya, injin Liberty kuwa ba ya cin komai sai fetur. Tankin jirgin na asali yana riƙe shi a sama awa biyar da 'yan mintoci. Tsakanin Abashe da Fort Lamy akwai wajen kilomita 650, tafiyar awa huɗu da rabi ke nan in iska ba ta yi gardama ba. Rarar da ta saura kaɗan ce, kuma kamfas da taswira kawai gare su, taswirar ma ta ƙasar da Turawa ba su daɗe da shiga ba. Faransa ta ci Abashe a 1909, Ingila ta ci Darfur a 1916. Shi ya sa jiragen wannan samfuri da ke aiki a ƙasashen zafi akan ƙara musu tanki a ƙarƙashin fiffiken sama, da lagireto na biyu a ƙarƙashin hanci, a kuma ɗaura musu safayar taya a jiki.

Mu yi lissafin da kanmu. Zuwa da komawa sun yi wajen awa 80 a sama. Inji irin wannan yana shan galan 20 ko fiye a awa. Jirage uku ke nan sun sha abin da bai gaza galan 4,800 ba. A wancan zamani fetur a garwa yake zuwa, mai cin galan 4, wato lita 18, garwa biyu a akwatin katako ɗaya. Garwa 1,200 ke nan, ban da baƙin mai. Kusan rabin hanyar kuma babu dogo. Jirgin ƙasan Sudan a Al-Ubayyid ya tsaya. Namu ya iso Kano a 1911, amma bai wuce gabas ba tukuna: layin Nguru da ya ratsa Zakirai da Ringim sai a 1930 aka kammala shi, Maiduguri kuwa sai a 1964 ta ga dogo. Tsakanin Al-Ubayyid da Kano, fiye da kilomita 2,000, duk ɗigon man da ya jira jiragen nan a zango ya isa wurin ne a kan dabba, ko a kan mutum, ko a kwalekwale, ko a tsohuwar mota mai fama da yashi. Raƙumi mai ƙarfi akwati huɗu ko biyar zai ɗauka.

Garwa kuma ba abar amana ba ce. Ƙarfenta siriri ne, da dalma aka liƙe gefunanta, tafiyar raƙumi tana jijjiga ta, rana tana dafa ta. Sojan saman Ingila sun riga sun ɗanɗana wannan a kan wannan hanya ɗin. A 1916, lokacin da suka kai wa Sarkin Darfur Ali Dinar yaƙi, sun kawo 'yan jirage ta dogo zuwa Rahad, daga nan raƙuma suka ɗauki mai da tantuna zuwa yamma. Rahoton yaƙin ya ce zafi ya riƙa fasa gwangwanayen, har wani kaya na akwati 7 da ya kamata a samu galan 56 a ciki aka tarar saura galan 37. Kashi ɗaya cikin uku ya bi iska. Duk wanda ya shirya tafiyar 1925 dole ya sa wannan asara a lissafi, ya aika da fiye da abin da injin zai sha.

Man da ya tsira daga hanya ma ba a juye shi a tanki kai tsaye. Garwar da ta kwana a rana da raɓa takan tara ruwa da tsatsa da ɓarɓashin dalma. Makaniken wancan zamani yakan shimfiɗa wata lallausar jemammiyar fata a bakin mazurari, ya fara jiƙa ta da fetur, sannan ya zuba. Fetur ya ratsa, ruwa da datti su tsaya a kai. Aiki ne mai cin lokaci: garwa 20 ko fiye ga kowane jirgi, ɗaya bayan ɗaya, mutum yana tsaye a kan gangar jirgi cikin rana bayan ya yini a sama. Akwai kuma haɗari a ciki. Fetur in yana gogar fata yakan tara lantarki, balle a busasshiyar iska irin ta farkon hunturu, tartsatsi ɗaya tsakanin mazurari da bakin tanki ya isa. Maganinsa a haɗa mazurarin da jikin jirgin da waya kafin a fara zubawa, kuma har yau haka ake yi a kowane filin jirgi.

Shi tankin kansa, a DH.9A yana tsakanin inji da matuƙi. A kan gangar jirgin akwai 'yan ƙananan farfeloli biyu da iska ke juyawa, su ne ke tafiyar da famfunan da ke tura mai. A fiffiken sama kuma akwai ɗan ƙaramin tanki wanda mai ke gangarowa daga cikinsa da nauyin kansa in famfo ya ƙi. Tankunan wancan zamani da fallen ƙarfe ake yin su, wanda aka shafe da kuza ko da haɗin kuza da dalma don kada ya yi tsatsa. A lanƙwasa, a ɗinke da ƙananan ƙusoshi, a bi kowane layi a liƙe da dalma. A ciki akwai shamaki-shamaki masu huji, don kada man ya riƙa tambal-tambal ya kwashe jirgin zuwa gefe guda. Kowane shamaki da ƙusoshi aka kafe shi a bangon tankin, kowace ƙusa kuma wurin yoyo ce mai jiran ranarta.

Abin da ke kawo wannan rana girgiza ce. Inji mai silinda 12 yana kaɗa komai awa bayan awa, saukar da ake yi a filin da aka share da fartanya tana ƙara nata. Dalma ba ta son lanƙwasa da miƙewa, sai ta tsage siririn tsagu da ido ba ya gani. Bututun mai na jan ƙarfe ne, shi kuma girgiza tana busar da shi ya yi tauri har ya karye a gindin mahaɗa. Don haka akan cire shi lokaci-lokaci a gasa shi ya yi ja, ya koma laushi, abin da kowane maƙerin tagulla ya sani. Makanike mai hankali ba ya jiran ya ga ɗigo. Da an sauka zai bi layin liƙi da yatsa da hanci, yana neman danshi, ko wari, ko wurin da ƙura ta manne ta yi duhu. In tankin yana ƙasa, akwai tsohuwar dabara: a shafe bayansa da farar ƙasa, a zuba kananzir a ciki, duk inda farin ya yi tabo nan ɓarakar take. Fetur ɗin ƙananan jirage na yau ma launin shuɗi ake sa masa, yakan bar shaidarsa a duk inda ya tsattsafo.

A jeji, inda babu halin sauke tanki, sabulu yana rufa asiri na ɗan lokaci, domin fetur ba ya narkar da shi. Direbobinmu na manyan motoci sun san wannan. Amma gyara na gaskiya sai an sauke tankin, kuma a nan ne ake rasa rayuka.

Cikakken tanki bai kai wanda aka juye haɗari ba. Ruwan fetur ba ya fashewa, tururinsa ne ke fashewa, shi ma sai ya gauraya da iska daidai gwargwado, daga kashi 1 da ɗoriya zuwa wajen kashi 7 cikin 100. A cikakken tanki tururin ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. A wanda aka juye kuwa haɗin yakan zo daidai. Cokalin cin abinci biyu na fetur sun isa su mai da duro mai lita 200 bam. Man yana ɓuya a ƙarƙashin tsatsa da cikin ninkin ƙarfe, da wuta ta taɓa wurin sai ya taso. Shi ya sa ƙa'idar gyaran tankin jirgi take da tsauri: a juye, a bi shi da tururin ruwa ko tafasasshen ruwa na tsawon awoyi, a bar shi a buɗe ya sha iska, in za a yi walda a cika shi da iskar da ba ta kama wuta. Tankin da aka liƙe da dalma kuwa ba a kusantarsa da harshen wuta sam. Ƙarfen liƙi ake gasawa a can nesa, a kawo shi da zafinsa. In an gama a wanke ruwan liƙin tas, domin yana da guba mai cin ƙarfe, wanda aka bari zai huda wurin da aka gyara. Sannan a gwada: a toshe kowace ƙofa, a hura iska kaɗan, a shafa kumfar sabulu a duba inda za ta yi ƙwai. Kaɗan ɗin nan da gaske ake nufi. Wanda ya jona masa famfon taya zai kumbura tankin, ya tsinke shamakan ciki, ya lalata abin da ya zo gyarawa.

Wannan ba labarin tsofaffin jirage kaɗai ba ne. Ranar 17 ga Yuli 1996 wani Boeing 747 na kamfanin TWA ya tashi daga New York zuwa Faris, bayan minti 12 ya tarwatse a kan teku da mutum 230. Masu bincike suka gano tankin tsakiya ne ya fashe, wanda kusan babu komai a cikinsa sai ɗan ragowar mai da tururi mai zafi. Ina kawo wannan ne saboda abin da nake gani a bakin titi da ranar kasuwa. Za a kawo tankin babur ko na injin ban ruwa ko na janareto, yaro ya ɗauraye shi sau ɗaya da ruwan sanyi ya ce, "Maigida, ai wayam yake, ko wari babu." Maigida ya kunna wuta. Sau da yawa Allah yana kiyayewa, sai kiyayewar ta zama hujjar a sake gobe. Mutanen wannan yanki ba sa bukatar a gaya musu abin da tururin fetur ke yi. Daren 15 ga Oktoba 2024 tankar mai ta kife a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura, nan gabas da mu, jama'a suka taru ɗiba, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu da rahama. Ina ganin ya wajaba kowace ƙungiyar masu walda ta mai da wankin tanki da tafasasshen ruwa sharaɗin da ba a yaye yaro sai ya iya shi.

Masu riƙe da tsofaffin ƙananan jirage a yau, irin su Tiger Moth mai tankin galan 19 a tsakiyar fiffiken sama, da Piper Cub mai tankin galan 12 a gaban matuƙi, da waɗannan matsaloli suke fama, har da wasu sababbi. Ma'aunin man Cub wata 'yar waya ce da ta leƙo ta murfin tanki, a gindinta an soke ɓawon itace marar nauyi da ke yawo a kan mai, an shafe shi da wani ƙaro. Fetur ɗin mota na zamani da ake gauraya wa itanol yana narkar da ƙaron, yana cin tsohuwar roba, yana kuma jawo ruwa. Wasu kuma don gudun sauke tanki sukan zuba wani ruwan gam a ciki su jujjuya ya toshe yoyo. Bayan shekaru gam ɗin ya saɓule falle-falle ya toshe matatar mai, inji ya mutu a sama. Ruwa shi ne tsohon abokin gaba: tankin da ya kwana rabi yakan yi gumi ta ciki in dare ya yi sanyi, ruwan ya fi fetur nauyi, sai ya kwanta a gindi, daidai inda bututu ke zuƙa. Don haka ake cika tanki da yamma, da safe kuma a tsiyayi kaɗan daga gindinsa a kwalba a ɗaga a duba. Ɗalibin makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, yana koyon wannan tun bai taɓa barin ƙasa ba. Sai kuma zanzaro. Kowane tanki yana da 'yar ƙofar shan iska, domin in mai yana fita dole iska ta maye gurbinsa. Zanzaro yana son irin wannan rami, cikin yini guda zai cike shi da laka. Jirgi ya tashi lafiya, bayan ɗan lokaci mai ya daina gangarowa alhali tanki cike yake.

Daga cikin DH.9A kusan 2,000 da aka ƙera, guda ɗaya ya rage, yana gidan tarihin sojan sama a Hendon ta Landan. Nizam, sarkin Hyderabad ta Indiya, ne ya biya kuɗinsa, Jamusawa suka kama shi a Oktoba 1918 suka ajiye a Balin, yaƙi na biyu ya kai shi Poland, sai a 1977 aka musanya shi da wani jirgi ya koma gida. Ba ya tashi. Amma yayansa DH.9, wanda aka tsinto a rumfar giwayen fadar Bikaner a Indiya bayan gara ta ci rabonta, an sake gina shi har ya tashi a Duxford ta Ingila a 2019.

Mu koma ga su Coningham. Ranar Juma'a 6 ga Nuwamba suka sauka Kaduna, sannan suka juyo. A lissafin mai komawa ta fi zuwa wuya, domin a wannan wata iska daga arewa maso gabas take busowa, tana tura mai tafiya yamma, tana tare mai komawa gabas, ga hazo ya fara rufe alamun ƙasa. Ranar 19 ga Nuwamba suka sauka Helwan, bayan kwana 24 da tafiyar wajen kilomita 10,000. Aka ba Coningham lambar yabo ta sojan sama. A Fabrairu 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Hartum da Kano a kan wannan hanya, kafin shekara ta ƙare ya miƙa ta har Legas.

Amfanin tafiyar na gaske sai a 1940 ya bayyana. A watan Yuni Italiya ta shiga yaƙi, Faransa ta faɗi, Bahar Rum ya zama ba ya ratsuwa, sojan Ingila da ke Masar kuma suna bukatar jirage. Damagaram da Maraɗi, nan arewa da mu, suna hannun gwamnatin Faransa ta Vichy mai biyayya ga Jamus. Amma a watan Agusta gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya bijire wa Vichy ya bi Janar de Gaulle, sai Fort Lamy ta buɗe. Aka riƙa kawo jirage a akwatuna ta teku zuwa Takoradi a Gana ta yau, a harhaɗa su a can, su taso Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy, Junaina, Fashir, Hartum, har Masar. Ayarin farko ya tashi a Satumba 1940. Ƙananan jiragen yaƙi irin su Hurricane ba za su iya dogon zango da tankinsu ba, sai aka ɗaura musu ƙarin tankuna a ƙarƙashin fuka-fuki, babban jirgi mai ɗauke da masanin hanya yana gaba suna biye. Zuwa ƙarshen 1943 sama da jirage 5,000 sun bi ta nan.

Garwa kuwa ba ta sake hali ba. Janar Auchinleck, babban kwamandan Ingila a Gabas ta Tsakiya, ya ƙiyasta cewa har kashi 30 cikin 100 na fetur yana zubewa tsakanin ma'ajiya da bakin daga saboda rashin ingancinta. Jamusawa suna da jarkar ƙarfe mai lita 20, wadda aka yi wa walda, mai mariƙi uku da murfi mai kama baki. Sojan Ingila suka riƙa tsintar ta a fagen fama suna yar da tasu, daga baya masana'antunsu suka kwaikwaye ta. Garwar da ta sauka daga aikin mai ita ce ta koma hannun masu sayar da ruwa da masu rufin ɗaki a garuruwanmu.

Wanda ke karɓar yawancin jiragen nan a ɗaya bakin hanyar shi ne Coningham. A 1941 aka ba shi jagorancin sojan saman Ingila a hamadar yammacin Masar da Libiya, yana riƙe da shi har yaƙin Al-Alamain a ƙarshen 1942. Jiragen da ya yaƙi Rommel, kwamandan Jamusawa, da su, da yawansu sun kwana a Kano, sun sha mai a zangunan da shi ya fara sauka shekara 16 kafin nan. Daga baya ya jagoranci rundunar saman da ta rufa wa sojan ƙasa baya daga Normandy har cikin Jamus. Ya yi ritaya a 1947.

A ƙarshen Janairu 1948 ya shiga jirgin fasinja mai suna Star Tiger, samfurin Avro Tudor mai inji huɗu, na kamfanin British South American Airways, daga Landan zuwa Bermuda. Zango na ƙarshe shi ne mafi tsawo, daga tsibirin Santa Maria na Azores, fiye da kilomita 3,500 a kan Tekun Atlantika, babu wurin sauka a tsakani. Aka cika tankuna maƙil har jirgin ya ɗan haura nauyin da aka ƙayyade masa. Iska mai ƙarfi tana busowa daga gaba, sai matuƙin, Brian McMillan, ya zaɓi ya bi ƙasa-ƙasa, ƙafa 2,000 kawai daga ruwa, don ya kauce wa mafi tsananinta. Tafiya ƙasa-ƙasa kuma tana ƙara shan mai. Suka tashi da yammacin 29 ga wata. Cikin dare aka ga iskar ta fi yadda aka yi hasashe, ta kuma karkatar da su daga hanya, aka ɗaga lokacin isarsu da wajen awa guda. Jim kaɗan bayan ƙarfe 3 na daren 30 ga Janairu mai rediyon jirgin ya nemi Bermuda ta ba shi saiti, aka ba shi, ya amsa cewa ya ji. Ba a sake jin su ba.

Mutum 31 ne a ciki, fasinja 25 da ma'aikata 6. Coningham yana da shekara 53. An yi kwana biyar ana nema ta sama da ta ruwa ba a samu ko ɓallin jirgin ba. Kwamitin binciken da gwamnatin Ingila ta kafa ya rufe aikinsa bai iya faɗin dalili ba, wasu masu nazari na baya kuma, da suka sake bin lissafin iska da nisa da tsayin da jirgin ya bi, sun fi karkata ga cewa mai ne ya ƙare masa.